Yarinyar Da Ta Keta Danga: Littafin Da Ya Kamata Magidanta Mazauna Kurmi Su Sani

A cikin shekarar 1984 ne kamfanin buga littattafai na Longman ya fitar da wani ɗan ƙaramin littafi na Turanci mai suna The Stillborn, wanda Zaynab Alkali, 'yar ƙasar Biu ta Jihar Barno, ta rubuta. Ba shi da kauri, wanda hannunsa ya faɗa da karatu zai iya gama shi a cikin mota tsakanin Ikko da Ilori. Shekara guda bayan fitowarsa Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya ta ba shi kyautar ƙagaggen labari. Marubuciyar ta yi shekaru da dama tana koyarwa a Jami'ar Maiduguri, kuma ita ake lissafawa mace ta farko daga Arewa da ta yi suna da irin wannan littafi a Turanci. Da Hausa kuwa Hafsatu Abdulwahid ta riga ta, domin So Aljannar Duniya ya fito tun 1980.

Tun daga wancan lokaci ɗalibai ke karanta littafin a makarantu, su haddace sunayen mutanen da ke ciki, su rubuta jarrabawa, sa'an nan su manta. Abin takaici shi ne, waɗanda maganar littafin ta fi shafa ba su ma san da shi ba. Su ne magidantan da neman abinci ya kawo Kurmi, masu shanu a Oko-Oba, da 'yan gwari a kasuwar Mil 12, da fataken goro a Shagamu, da masu kai bandar Baga Anacha, da masu gadi da 'yan canji, waɗanda suka baro 'ya'ya suna tasowa a Abbaganaram ko Gwange ko Hausari, nisan fiye da kilomita 1,500 daga inda uba yake kwana. Lalle duk wanda ke da ɗa ko 'ya da ya fara tasawa ya kamata ya san abin da ke cikin wannan littafi, ko da bai iya Turanci ba, ko da kuwa sai ya sa wani ya ba shi labarin da baki.

Ga yadda labarin yake. Wata yarinya ce ana ce mata Li, mai shekara 13, ta gama firamare ta komo ƙauyensu. Murnar komowa gida ba ta daɗe ba. Ubanta, wanda ake kira Baba, mutum ne mai tsanani, ya kafa doka a kan kome, ba fita sai da dalili, ba zuwa dandali, ba tsayawa da samari. Yayarta Awa ta riga ta saba, ta sunkuyar da kai tana bi. Wanta Sule yana cika yana batsewa. Kakansu yana gefe guda da al'adunsa na dā, waɗanda Baba ba ya ƙaunar ya gani a gidansa. Ita kuwa Li sai ta ga gidan ubanta ya zame mata kamar gidan yari, tana zaune cikin 'yan'uwanta amma tana jin kanta baƙuwa, ba wanda ya taɓa tambayarta abin da ke ranta. Wani dare da aka yi kiɗa a gari, sai ta keta dangar gidan ta sulale ta tafi kallo.

A wajen gida ne ta haɗu da wani saurayi, Habu Adams, suka shiga gina buri. Shi zai zama likita, ita za ta zama babbar malamar makaranta, za su zauna a birni cikin gida irin na Turawa. Ƙawarta Faku ita ma birni take hange, ta auri wani Garba wanda ya san birni ciki da waje. Awa ba ta nemi zuwa ko'ina ba, ta auri hedimasta Dan Fiama, tana ganin ta yi dace. To, daga nan sai duniya ta yi halinta. Habu bai zama likita ba, tallan kayan kamfani ya samu, ya bar Li a ƙauye shekara 4 tana jira, kuma da ta iske shi a birnin sai ta tarar da wani mutum dabam, mai fuska a murtuke, wanda wata mace ta riga ta shiga rayuwarsa. Faku ta iske Garba da uwargida, ta sha wuya har ta bi duniya kafin ta farfaɗo. Hedimasta ya faɗa shan giya, ya bar Awa da ɗawainiyar yara. Ma'anar sunan littafin ke nan, watau jaririn da aka haifa ba rai, kuma burin 'yan matan nan uku ake nufi. Li ta koma ƙauye, ta haifi 'yarta, ta koma makarantar horon malamai, har ta zama ita ce ke riƙe da gidan bayan rasuwar ubanta.

Wurin da ya fi dacewa magidanci ya tsaya ya yi tunani shi ne washegarin daren kiɗan nan. Baba ya ga ɓarakar da aka yi wa danga, ya tara 'ya'yansa yana neman wanda ya yi. Sule ya san ƙanwarsa ce, amma ya ce shi ne. Baba ya dubi ɗansa, ya ga ya zama ƙato, ya ga bulalar da ta yi aiki shekarun baya ba za ta yi yau ba, ya rasa abin yi. Marubuciyar ba ta mai da Baba azzalumi ba, kuma a nan gwanintarta take. Mutum ne mai tsoron kada 'ya'yansa su lalace, mai kishin sunan gidansa, irin wanda za a yaba a kowace majalisa. Amma makami ɗaya gare shi, watau hani, ranar da hani ya ƙare kuwa ba shi da sauran magana da ɗansa. Bai tambayi dalilin da ya sa ɗan gidansa zai gwammace ya bi ta ɓaraka da ya bi ta ƙofa ba. Abin da ya dame shi kawai shi ne wane ne. Daga baya Sule ya yi laifin da ya fi wannan girma, uban ya yafe shi, ya bar ƙasar ya tafi can wata uwa duniya, bai kuma sake ganin ubansa ba.

Mai karatu zai ce ai wannan labarin ƙauye ne na zamanin da ya wuce, ina ruwansa da yaron da ke tasowa a tsakiyar Yerwa? Da ruwansa ƙwarai da gaske. Abbaganaram ba ta da nisa da unguwar tashar jirgin ƙasa, inda markazin Muhammad Yusuf yake kafin rikicin watan Yuli na 2009. Kowa ya san yawancin waɗanda suka cika wannan wuri matasa ne, kuma ba daga sama suka faɗo ba, daga gidajen mutane suka fito, wasu ma har da takardun makaranta a hannu, waɗanda suka yayyaga. A watan Fabrairu na 2012 'yan Boko Haram suka sa wa makarantar firamare ta Abbaganaram wuta, kamar yadda suka yi wa ta Budum da ta Kulagumna. A 2013 kuma, samarin unguwannin nan ne dai suka ɗauki gora da adda suka tsaya a bakin titi, waɗanda aka riƙa kira 'yan Ƙato da Gora, suka taimaka aka fatattaki masu bindiga daga cikin gari. Tsara ɗaya ne, unguwa ɗaya, zafin jini iri ɗaya. Wani ya sami wanda ya saurare shi a wancan ɓangare, wani a wannan.

Ba wai ana cewa littafin labari zai hana yaƙi ba ne. Wanda ya faɗi haka ya raina wahalar da mutanen Barno suka sha, domin akwai talauci a ciki, akwai rashin aikin yi, akwai zalunci, akwai gurɓatacciyar fassarar addini, akwai siyasa. Amma a ƙarƙashin duk waɗannan akwai wani ƙaramin abu da ba ya shiga rahoton gwamnati, shi ne yaro mai shekara 15 da ke ganin ba shi da kowa a gidansu. Mai neman mabiya ba ya fara wa irin wannan yaro da bindiga. Yana fara masa da kunne, ya zauna ya ji kukansa, ya kira shi da sunansa, ya nuna masa yana da daraja. Uban da ke Ikko yana aiko da kuɗin makaranta da na shinkafa a kan kari, Allah ya saka masa, amma kunne ba ya bin banki.

A duba kuma abin da yaran nan suka gani da idonsu. A watan Maris na 2014 gwamnatin Barno ta rufe makarantun sakandare saboda hare-hare, da yawansu suka zama masaukin 'yan gudun hijira, aka daɗe ba a koma aji ba. Jaririn da aka haifa a shekarar da aka ƙona firamaren Abbaganaram yana da shekara 12 lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye babban sashe na garin. Irin wannan yaro in ya yi shiru, ko ya cika fushi, ko ya daina cin abinci tare da 'yan'uwansa, sai a ce ya fara taurin kai, a buga wa uba waya ya yi masa faɗa. Faɗan minti uku ta waya, daga mutumin da bai gan shi ba tun Babbar Salla.

Akwai kuma wani kashi na yara da baƙuncinsu ya ninka na Li, su ne waɗanda aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun, suka yi wayo a nan, sa'an nan da suka kai shekara 12 ko 13 uba ya ga alamar ido ya fara buɗewa, ya sa su a mota ya aika da su gida wurin kaka ko baffa domin su sami tarbiyya. Niyyar mai kyau ce, kuma sau da yawa tana yin amfani. Amma a tsaya a dubi abin ta idon yaron. A Ikko bai taɓa zama ɗan gari ba, tun yana ƙarami yaran unguwa ke kiransa Aboki ko Mala. An yi ta gaya masa cewa yana da gida can Arewa inda ba mai yi masa gori. Ya isa gidan, sai ya tarar Hausarsa ta gauraya da Yarbanci da Turancin kasuwa, Barbarci kuwa sai gaisuwa, bai iya durƙuson da ake so ba, bai san wa ake ce wa yaya wa ake ce wa baba ba, tuwon ma bai saba da shi ba. Nan take a laƙaba masa ɗan Ikko, duk abin da ya ɓace a gidan a dube shi. Yaron da aka ce masa baƙo a wuri biyu, ina ake so ya ce nan ne nasa? In 'ya mace ce abin ya fi tsanani, domin ita ko ƙofar gida ba za ta tsaya ta sha iska ba. Wannan yarinya in ta karanta labarin Li ba ta bukatar malami ya yi mata bayani.

Kada kuma a manta da cewa da yawa daga cikin 'yan ci-ranin su kansu yara ne. Da gwamnatin Barno ta hana hawa babur a Maiduguri a watan Yuli na 2011, samari masu yawa suka gangaro Kudu da sana'ar acaba, daga baya Jihar Ikko ita ma ta hana a manyan yankunanta daga 1 ga Yuni 2022. Wanda ya zaga tashoshin mota da dare zai ga masu shekara 16 da 17 suna kwana a kan benci. Kowannensu da irin burin Habu ya baro gida.

Maganar Habu kuwa, ita ce wadda za ta fi yi wa mazauna Kurmi ɗaci, shi ya sa bai kamata a tsallake ta ba. Habu bai bar ƙauye da niyyar cin amana ba. Ya tafi ne da alkawari a bakinsa, birni ya ƙi ba shi abin da ya zo nema, kunya ta hana shi faɗin gaskiya, kaɗaici ya kai shi inda bai yi shiri ba, sa'an nan ya huce haushinsa a kan matar da ba ta yi masa laifin kome ba sai jira. Duk wanda ya zauna a zango ya san irin wannan labari, ya kuma san matar da aka bari a ɗakin surukai shekara da shekaru, ba ita ga aure ba ita ga zawarci. Abin da littafin ya ƙara shi ne ya nuna yadda abin yake daga wajen mai jiran. 'Ya'yan irin wannan gida suna kallo, kuma suna lissafi.

Akwai masu ƙin littafin, kuma ya kamata a ji ta bakinsu. Wasu iyaye na cewa irin waɗannan littattafai ne ke koya wa 'ya mace tsaurin ido, yarinya ta karanta yadda wata ta keta danga, gobe ita ma ta keta. Amsar ita ce Li ba ta karanta littafin kowa ba kafin ta keta tata, kuma wanda ya bi labarin har ƙarshe zai ga marubuciyar ba ta ɓoye tsadar abin ba ko kaɗan, ga Faku nan ta zama shaida. Abin mamaki ma, wasu masana masu rajin 'yancin mata sun soki littafin ta ɗaya gefen, domin a ƙarshe, bayan Li ta yi ilmi ta tsaya da ƙafarta, sai ta yanke shawarar komawa wurin Habu, wanda haɗarin mota ya nakasa. Su a ganinsu ta ba da kai. Littafin da mai tsanani ya ce ya yi sako-sako, mai sako-sako kuma ya ce ya yi tsanani, akwai alamar ya faɗi wani abu na gaskiya. Masu cewa ƙagaggen labari ƙarya ce, ɓata lokaci ne, sai a tuna musu cewa Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da kansa ya rubuta Shaihu Umar, aka buga a 1934, kuma shi ma labarin yaro ne da aka raba da uwarsa ya girma a hannun baƙi a wata ƙasa.

Turawa sun daɗe da gane amfanin irin wannan karatu. A Amurka akwai wani littafi da J. D. Salinger ya fitar a 1951, The Catcher in the Rye, labarin wani yaro Holden Caulfield mai shekara 16 da aka kora daga makarantar kwana, ya ƙi zuwa gida, ya yi 'yan kwanaki yana gararamba a birnin New York, yana ganin duk manya munafukai ne, ba wanda ya yarda da shi sai ƙanwarsa ƙarama. A ƙarƙashin rashin kunyarsa kuwa akwai mutuwar ƙanensa da ba wanda ya taimake shi ya haɗiye. Can ma an yi rigima a kansa, har an taɓa yi wa wata malama ca a garin Tulsa a 1960 don ta ba ɗalibai shi, amma duk da haka ya zama cikin littattafan da aka fi karantarwa a sakandarensu, saboda malamai sun lura yaro ya fi sakin baki a kan damuwar wani yaro na cikin littafi bisa ga tasa. Ɗalibin Abbaganaram zai ƙaru in ya karanta shi, sai dai Holden ɗan masu hali ne, yana da kuɗin tasi da na otal, yana da inda zai faɗa in ya gaji. Kafin yaron Yerwa ya ga kansa a ciki sai ya ƙetare teku. Li kuwa ga ta nan a bayan danga, tana ɗebo ruwa, tana shara, tana jiran uba ya yi barci. Da ita ya kamata a fara, na Amurka ya biyo baya.

Saura yadda ake karantar da shi, kuma a nan malamai suna da nasu laifin. An mai da darasin adabi kamar lissafin sau, wane ne mijin Awa, mene ne sunan 'yar Li, kawo jigo uku. Da yawa daga cikin ɗalibai ma ba su taɓa riƙe littafin ba, taƙaitaccen bayani suke saye a bakin makaranta, ko su kwafo daga waya. Alhali kuwa tambayoyin da ke da amfani ba su da amsa ɗaya. Shin Sule ya kyauta da ya yi ƙarya don ya ceci ƙanwarsa? Awa da ta yi biyayya tun farko, me biyayyar ta saya mata? Da Habu ya rubuto wasiƙa ya ce bai sami likitancin ba, da me zai canja? Malamin da ya jefa wa aji ɗaya daga cikin waɗannan, ya ƙyale yara su yi gardama da Hausa ko Barbarci kafin su rubuta da Turanci, zai ji abin da bai taɓa ji ba daga bakin yaran da ya ɗauka kurame ne. Gidan rediyon Jihar Barno ma zai iya ɗaukar labarin ya riƙa karantawa kashi-kashi da harsunan gida, domin uwayen da ke cikin gida su ne suka fi kowa sanin zaman da Li ta yi.

Shi kuwa magidancin da ke Kurmi ba sai ya jira malami ko gwamnati ba. Kuɗin littafin bai kai na turmin atamfa ba, ya sa a nemo masa wurin masu sayar da littattafan makaranta a Yaba ko Dugbe. In zai tafi gida da Salla ya sa shi cikin tsaraba, ya ba 'yarsa ko ɗansa da ke sakandare, ya ce a karanta, kafin ya koma yana so a ba shi labarin daga farko har ƙarshe da harshen gida. Ran da za a ba shi, ya kashe waya, ya sallami 'yan gaisuwa, ya zauna a tabarma ɗaya da yaron. In an gama ya tambaya, a ganinka wa ya fi laifi a gidan nan? Mai yiwuwa ne yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce Li ce, domin ta san amsar da ake so ke nan. Ya sake tambaya. In ta ce Baba ne, kada ya katse ta, ya tambaye ta abin da ya kamata Baban ya yi da safen nan da ya ga ɓaraka a jikin danga.